Alƙali Ya Ce Ba Huruminsa Ba Ne

Hamma Usmanu,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan Jimeta lafiya, sai gajiya.

Maganar harajin shagona ce. Ma'aikatan haraji sun yanka mini kuɗin shekarar da na rufe shi, na zaunar da danginmu 'yan gudun hijira a ciki. Na kai ƙara gaban alƙalin unguwa, inda marigayi Baba ke kai kowace rigima. Wata bakwai ina zarya. Jiya alƙalin ya ce ba huruminsa ba ne, haraji kotunsa daban. Lauya kuma ya ce lokacin ƙorafi ya wuce.

Ka gaida yayarmu Adda Hauwa, ku sa ni a addu'a. Na gaji, Hamma. Har yau ba wanda ya tambaye ni dalilin rufe shagon.

Ƙaninka,
Bello