Hayaƙin da Na Tayar a Gidajen da Babu Kowa

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, yaƙi da jahilci na shiga da girmana, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ni mai sayar da hatsi ne. Asalina wani ƙauye ne a yankin Magami. 'Yan bindiga suka tashe mu, na fito da mata da 'ya'ya biyar da rigar da ke wuyana. Na yi dako, na yi awo, har na tsaya da ƙafata. Shekara shida da suka wuce na sayi fili a bakin garin Tsafe, na ci bashin wani banki a Gusau na gina gida, na jinginar musu da takardar gidan, na dangwala yatsa. Lokacin gida tara ne a layinmu, duk cike da mutane.

Yanzu ni kaɗai na rage. Sau biyu mutanen daji suka shigo layin cikin shekara guda. A na biyun suka tafi da matar maƙwabcina, zan kira shi Alhaji Mamman. Sai da ya sayar da gona da shanu ta dawo. Daga nan kowa ya kwashe nasa ya koma cikin gari ko Gusau. Duk mai tafiya sai ya miƙo mini makulli ya ce in riƙa dubawa. Ni ina zan je? Na taɓa gudu sau ɗaya, na san ɗanɗanonsa.

Kasuwa ta mutu, don manomi bai shiga gona ba balle ya kawo hatsi. Wata huɗu ban biya banki ba. Na je wurin manaja na roƙi a sake mini tsarin bashin, a ƙara shekaru, a rage abin da nake biya duk wata. Ya ce, "Ana yi, Malam. Amma sai mun turo wanda zai sake yi wa gidan kuɗi. In darajarsa ta rufe abin da ya rage a kanka, mu sabunta. In ba ta rufe ba, gwanjo." Na san amsar tun ba a turo ba. Gida a layin da ya watse, wa zai taya? Dillali ya riga ya gaya mini ko rabin abin da na kashe ba zai yi ba.

To ga abin da na yi. Akwai 'yan gudun hijira a wani kango kusa da kasuwa. Na yi magana da matansu, kowace tiya biyu ta masara. Ranar da za a zo duba gidan, tun da sassafe na buɗe gidajen nan takwas da makullan amana. Aka share ƙofofi, aka yi shanya a kan katangu, aka hura wuta a murhu ko da ruwa ne kawai a tukunya, aka kafa turmi ana daka. Na ari awaki shida na ɗaure a waje. Har wata tsohuwa na zaunar a ƙofar Alhaji Mamman da farantin ƙuli-ƙuli. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, wanga fa? Biki ake ba a gaya mani ba?" Na ce ta koma ciki.

Mutumin banki ya zo. Matashi ne mai ladabi, sai da ya cire takalmi ya shiga zaure. Injiniya nake ce masa. Ya auna, ya ɗauki hotuna, har ƙuli-ƙulin tsohuwar ya saya. Ya ce, "Baba, an ce mana layin nan babu kowa." Na ce, "Ka dai gani da idonka." Ban yi rantsuwa ba. Da wannan nake lallashin kaina, wai ban yi rantsuwa ba. Ya rubuta wa gidan kuɗi mai kyau. Manaja ya kira ya ce ranar Alhamis in zo in dangwala yatsa a sabuwar takarda.

Sai ga Injiniya a rumfata ta kasuwa, ba da aikin banki ba. Ya zauna a kan buhu ya ce, "Baba, Innata tana wani ƙauye bayan Bungudu da ƙannena mata biyu. Kullum cikin fargaba suke. Gidan Gusau ya fi ƙarfina. Na samu mai gidan da ke jikin naka, mun daidaita, Laraba zan biya. Mutane na ta hana ni, amma na ce musu na gani da idona." Maganata ce ya maido mini. Ya ce, "Kai babba ne, kana wurin da iyalinka. Lafiya lau dai ko?" Na dubi mudun da ke hannuna na ce, "Allah ya sa albarka." Wannan kaɗai na iya faɗa.

Na kira Alhaji Mamman, don gidansa ne ke jikin nawa. Ya yi dariya ya ce, "Na ji labarin bikin da ka yi a gidana. Na ce mashi dangina ne, za su tashi. Don girman Allah kar ka ɓata mani cinikin ga, ka san abin da ya same ni." Na sani. Matata kuma ta ce, "Ka ga yadda matar Alhaji ta dawo, har yau ba ta magana. Uwar wani za ka kawo nan? Da 'yan mata biyu?" Na ce, ke ma ai nan kike. Ta ce, "Ni na sani nake zaune."

Na roƙi Injiniya ya jinkirta biya zuwa Juma'a, bayan na dangwala yatsa, ya ce mai gidan ya ƙi. In na gaya masa gaskiya kafin Laraba, dole ya janye rahotonsa, gidana ya tafi gwanjo, mu koma kango tare da matan da na biya da masara. Shi ma watakila a kore shi daga aiki, tunda da sa hannunsa. In na yi shiru, na tsira da gida, Innarsa ta tare a layin da na san hanyar da ake bi a shigo shi. Wane irin barci zan yi katanga ɗaya da ita?

Yau Litinin. Ɗazu Injiniya ya kira ni. Ya ce Inna tana gaishe ni, ya nuna mata hotunan layin. Wai ta ce inda ake ɗaure awaki a waje, nan ake zaune lafiya. Awakin nan tun a ranar, kafin la'asar, na mayar wa mai su.

Jibi zai biya. Jama'a, me zan yi?