Hancin Baba

Litinin, 7 ga Afrilu
Saura sati biyu bikin Shammun Nasim, bikin shigowar bazara. Gari duk warin fesik, kifin gishirin nan da 'yan birni ke rububinsa sau ɗaya a shekara, sauran watannin su riƙa toshe mana hanci. Ganga goma sha huɗu muka cika bana. Ni ke mirginawa, ni ke ɗorawa, Baba ya zo ya buɗe ya shinshina ya ce "ya yi", shi ke nan. Shekara arba'in ba wanda ya yi musu da hancin Alhaji Shahata. Ni kuwa teku a gabana, tafki a bayana, hanya ɗaya tak, ita ma ba ta kai ni ko'ina.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Duba-gari ta zo, Likita Nagwa. Tun motarta na kan gada Kawu Fadil mai gahawa ya buga tukunyar gas da cokali, kowa ya tura gangunansa cikin kwale-kwale ya lulluɓe da raga. Ta tarar da shaguna fes. Ta liƙa takarda ta tafi.
Mutanen gahawa suka kira ni: "Ragib, zo ka karanta mana, kai ne farfesan gari."
Farfesa! Da jaridun naɗe kifi na koyi karatu, sun sani. Na karanta musu da muryarta, suna ta ƙyaƙyata. Layin ƙarshe na tsallake: gurɓataccen fesik yana shanye numfashi, yakan kashe.

Asabar, 12 ga Afrilu
Madara ta ƙone a kan risho, Baba na zaune dab da ita. Ko juyowa bai yi ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Allah ya yafe mini. Na ɗiga kananzir a hankici na miƙa masa, na ce turare ne aka ba ni. Ya shaƙa, ya ce, "Mai kyau ne, ka adana." Ashe tun zazzaɓin da ya kwantar da shi da sanyi hancin ya tafi. Bai gaya wa kowa ba.

Talata, 15 ga Afrilu
Na buɗe ganga ukun da ke jikin bango, inda rufi ya yi yoyo. Ruwan sama ya shiga, gishirin ya narke. Wannan ba warinmu ba ne. A cikin namu aka haife ni, na san bambanci.
Na ce, "Baba, ukun nan sun lalace."
"Yaushe ka zama hancin gidan nan?"
"Tun da naka ya daina aiki."
Bakin nan nawa! Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "In ka faɗi haka a waje, ka binne ni da raina." Sannan ya ce daga ciki za a kai wa Sabrin nata, don ya nuna mini. Sabrin ƙanwata, mai cikin wata bakwai, kullum kifin Baba take kwaɗayi.

Laraba, 16 ga Afrilu
In na zubar a ɓoye, ya ƙirga ya gane. In na yi shiru, Sabrin za ta ci. In na kai ƙara, ni ne ɗan da ya sayar da ubansa. Na zagi bango, na zagi rufi. Na zagi kaina.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Tukunyar gas ta yi ƙara. Na tura sha ɗaya cikin kwale-kwale, na bar ukun a tsakar shago. Kawu Fadil na ihu daga ƙetaren hanya, "Farfesa, lissafin ma ya gagare ka?"
Likita ta buɗe, ta ja da baya. Ta dubi Baba, ta dube ni. Na riga na shirya mata baƙar magana. Sai ta ce, "Alhaji, da ka ware waɗannan ka kyauta. Da kowa na yin haka da na huta."
Baba ya ja gefe ya tsaya. A gabansa aka zuba musu magani aka tafi da su. Sha ɗayan kuwa ba ta tambaya ba, amma ta ce da ni, "Ranar Asabar zan dawo, ba na son jin kiɗan cokali."

Juma'a, 18 ga Afrilu
Baba ba ya mini magana. A masallaci sahu daban ya tsaya.

Asabar, 19 ga Afrilu
Ta dawo. Na fito da sha ɗayan da kaina, ta duba, lafiya lau. Mutanen gahawa sun daina ce mini farfesa, yanzu "mijin duba-gari" ne. Su ci kansu.

Litinin, 21 ga Afrilu
Biki. Sabrin ta ci kifi biyu da albasa, tana lasar yatsu.
Da la'asar wani ya kawo sabon kamun kifi. Ba kowa a shago sai mu biyu. Baba ya ɗaga ɗaya, ya kai hanci kamar kullum, ya tsaya. Sai ya miƙo mini, idonsa na kan ƙofa.
Na shinshina. Na ce, "Ya yi."
Ya ce, "Na sani."
Takardar da na rubuta ta neman aiki a birnin Iskandariya na nan a ƙarƙashin katifa. Ba na fasa ba ne. Rufin nan dai sai an gyara shi kafin sanyi.