Jan Kallabina a Motar Bonkuku

Lahadi da dare, farkon damina

Yanzu na shigo gida, ƙafafuna duk laka. Motar kasuwa ta bar tashar Filinge bayan la'asar, ba mu yi nisa ba hadari ya rufe mu. Ƙorama ta kawo ta yanke hanyar Bonkuku, direba ya kashe mota ya ce shi ba ya wasa da ruwa. Gaba ruwa, baya ruwa. Gilasai a rufe, gwiwar wani a bayana, buhun gero a kan ƙafata, ga warin jiƙaƙƙiyar akuya.

Da tsawa ta faɗi kusa, tsohuwar da ke gefena ta taɓa ni. "Ɗiyata, hidda jan kallabin ga. Aradu ja take bi, kuma ba ke ɗaya ba ce cikin mota."

Na ce, "Inna, ba ruwan tsawa da launi."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Madam, in mun hita sai ki yi muna lakwal, ki ba mu darasi."

Duk ido ya dawo kaina, ba kuma wurin gudu. Na dake. Ni da na gaya wa ɗalibaina ranar Alhamis cewa wannan camfi ne?

Tsawa ta biyu ta girgiza motar. Ba wanda ya sake roƙona. Da hannuna na tuɓe kallabin na zauna a kansa, tsohuwar ta rufa mini gefen zanenta mai ƙamshin daddawa, har bayan isha'i da ruwa ya janye.

Har yanzu ana rugugi a gabas. Kallabin yana can ƙasan jaka, ban fito da shi ba.