Ƙwan Fitilar Ɗakin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman daji? Tunda wurin gina madatsar ruwan naku ba sabis, direban motar simintinku ya ce in ba shi takarda zai danƙa maka hannu da hannu.

Mu nan lafiya, sai Baba da rigimar ƙwan fitila. Wata biyu ke nan kullum sai ya ce na ɗakinsa ya dushe. Sau huɗu ina canzawa. Ni in na shiga, ko allura ce ta faɗi zan tsince ta, shi kuwa sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ƙwai ne ko kyandir?" To, mutumin da ya shekara talatin da takwas yana yi wa mutane wayarin, wa ya isa ya yi masa musu a kan wuta?

Ran Talata ya ce wa maigidana ya sayo masa ƙwai biyu masu kyau. Bawan Allah ya dawo da na kaza a leda, har yana cewa manya ya zaɓo. Na yi dariya har da hawaye. Baba bai yi ba. Ya karɓi ledar yana juya ta, sai da ya sa hannu ya shafa sannan ya ce, "Au."

Tun rasuwar Inna ya ƙi barin ɗakin nan ya dawo wurina. Ni ke kai masa abinci safe da yamma. In kuna da ƙwai masu haske sosai a can, ka aiko ko na huta.

Ka huta lafiya.
Yayarki... au, yayarka. Ka ga har ni ya rikita.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Na karanta wa abokan aikina zancen ƙwan kaza, har yanzu suna ce wa mijinki injiniya.

Ga guda uku nan direba zai ba ki, irin wanda muke haska filin aiki da shi ne. Ɗaya ya ishi ɗakin taro. In Baba ya ce wannan ma kyandir ne, to rigimar tsufa ce kawai, ki ƙyale shi. Wataƙila kuma wutar unguwar ce ba ƙarfi.

Na san na shekara biyu ban leƙo ba. Da zarar mun gama zuba kankaren gefen gabas zan nemi hutu. Ki gaishe min da Baba, ki ce ya rage faɗa.

Naki,
Auta

*

Auta,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Ni dai ba ni da ita.

Na ɗaura ƙwanka ranar da ya iso. Hasken har tsakar gida. Baba ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon sama, ya ce ba laifin ƙwan ba ne, holdar da ake ɗaura shi a ciki ce ta lalace. Na ce ya bari a kira mai gyara. Ya ce, "Ni za a kira wa mai gyara?"

Washegari da hantsi ina shigowa da kwanon abinci na same shi a ƙasa, tsani a kansa, sukundireba na gefe. Hannun hagu ya karye a wuyan hannu. Ya ce min ƙafa ya kai inda yake zaton akwai mataki.

A asibiti bayan an ɗaure hannun, likitar ta miƙa masa kofin ruwa ta gefe, bai ko motsa ba. Sai ta dube ni, ta tura mu ɗakin masu duba ido. Na yi ta addu'a a ce yanar ido ce, tunda ita ana cirewa. Ba ita ba ce. Hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar a hankali. Idon dama ya riga ya tafi. Na hagu saura kaɗan, sun ba da maganin ɗigawa ko zai tsaya a nan. Likitan idon ya tambaye ni, "Tun yaushe yake kukan duhu?" Na ce wata uku. Ya ajiye biro ya ce, "Me ya hana ku zuwa?"

Me zan ce masa, Auta? In ce ina can ina hawa kujera ina canza ƙwai? Kai ka ce rigimar tsufa ce, ni kuma da nake ganinsa kullum na yarda, don ya fi min sauƙi.

Ba faɗa nake maka ba. Ka zo.

Yayarka

*

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da sa albarka. Ka yi haƙuri da rubutun, manya nake yi don in ga inda biro yake, kuma ban sani ba ko ina kan layi.

Na ji yayarka tana kuka a kicin, tana cewa laifinta ne. Ba nata ba ne, ba naka ba ne. Ina so ka sani daga bakina.

Ƙwan fitila iri biyu yake mutuwa: ko ya ƙone farat ɗaya, ko ya yi ta ƙyaftawa. Ban taɓa ganin wanda duhunsa ke shigowa daga gefe ba, balle ya bi mutum har waje da rana tsaka. Tun na farko da ta canza na gane. Ai fiye da shekara ke nan ina karo da ƙyauren ɗaki.

Na yi shiru ne don har yanzu maƙwabta na kirana in soket ya ƙone, suna ce min Malam mai wuta. Ranar da aka ji ba na gani, ba mai sake ƙwanƙwasa min ƙofa. Kuma na san za a fitar da ni daga ɗakin da na zauna da mahaifiyarku. Sai na riƙa ɗora wa ƙwai laifi, har na kusa yarda da kaina. Tsanin ma na hau ne ina cewa ko Allah zai sa holdar ce da gaske.

Yanzu abin da ya rage kamar mai leƙe ta bututu nake. In mutum ya tsaya daidai gabana ina ganin fuskarsa, ban da kunnuwa. An ce ka tara gemu. Ban taɓa roƙonka ka bar aiki ba, yau ma ba cewa na yi ka bari ba. Amma in da hali, ina so in ga gemun nan.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Na karanta takardarka a bayan injin haɗa kankare, na kasa komawa bakin aiki.

Na je wurin shugabanmu. Ya ce ba mai motsawa sai an gama zubin nan, kwana ashirin, wanda ya tafi kuma kada ya dawo. Na tsaya a ofishinsa kamar in ajiye masa hular kwanon in fita. Na tuna iyalina, ban ajiye ba. Ban sani ba ko daidai na yi.

Kwana ashirin ne kawai, Baba. Don Allah ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci.

Ɗanka,
Auta

*

Auta,

Sallama. Na karanta masa takardarka, ya ce daidai ka yi.

Shekaranjiya da safe ya tambaye ni ko gari ya waye. Rana na kan gadonsa. Mun koma asibiti, sun ce a ci gaba da maganin saboda ciwo kawai. Jiya muka kwaso kayansa zuwa gidana, bai hana mu ba.

Saura kwana shida, ka taho yadda ka shirya. Abu ɗaya nake roƙonka. In ka iso kada ka tsaya gabansa kana jira ya gane ka. Ka yi sallama tun daga ƙofa, da ƙarfi, ka ce kai ne.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka