Sunan da Aka Ce Sai Mun Faɗa

Zuwa ga Mai Girma Babban Likitan Jihar Tawa.
Daga Hajaratu Ciɗo, ƙauyen Gidan Tanimu, ƙasar Affala.
Ran 13 ga Fabrairu, 1967.

Game da: korar surukata Rakia daga ɗakin awon ciki.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina kawo kukana gare ka. Ban iya rubutu ba, malamin da ke bakin kasuwa na sa ya rubuta, amma kowace kalma tawa ce.

1. Ran Talata 7 ga wannan wata na kai Rakia, matar ɗana, ɗakin awon da aka buɗe wa ƙauyukanmu. Cikinta na fari ne, wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ranar awo ba ranar kasuwa ba ce, saboda haka babu mota. Jaki muka ara, muka bar daka da ɗibar ruwa a hannun maƙwabta.

2. Magatakardan da ke bakin ƙofa ya ce sai ta zo da mijinta. Ranka ya daɗe, wane namiji mai ƙarfi ya rage a ƙasarmu ta Adar da rani? Da an gama girbi sai su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Kumasi, don a samu na haraji da na tsaba. Wanda ya kafa wannan doka bai taɓa leƙa ƙauye a watan nan ba.

3. Da na yi ta roƙo, sai ya ce to ta faɗi sunan mijin, da ƙarfi, gaban jama'a. Ina macen da ke kiran sunan mijinta a ƙasar nan? Yarinya ta sunkuyar da kai. Ya juyo gare ni. To, yaron nan ɗan farina ne, tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ba ƙauyanci ba ne, kunya ce, ita muka gada. Shi kuwa magatakardan Ba'adare ne kamarmu, ya san haka sarai, amma ya mai da mu abin dariya, ya ce bebaye su koma gida. Muka koma ba a ko taɓa cikinta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba.

4. Ana shela a rediyo cewa matan ƙauye sun ƙi awo don jahilci. Ba mu ƙi ba. Labarin Rakia ya zaga rijiya, mata masu ciki da suka yi niyya duk sun fasa. In wani abu ya same su, kada a ce duhun kai ne ya jawo.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a soke dokar zuwa da miji, a sa mace a bakin ƙofar, a kuma daidaita ranar awo da ranar kasuwa.

Ina kuma sanar da kai cewa ran Talata 21 ga wata zan sake kawo Rakia da tabarmata. A ƙofar zan zauna, ba zan tashi ba sai an auna ta, ko da za a kira mini gumiyai, dogaran hukuma. An ce mun samu mulkin kai, to ina so in gan shi a ƙofar nan.

Shi kuwa sunan, tun da shi ne makullin, ba zan bari a tilasta wa yarinya ba. Yau a bakin kasuwa na ajiye kunyata na faɗe shi da bakina, malamin da ke rubutun nan shaida ne. Attahiru. A rubuta, kada a sake tambayarta.

Allah ya ja zamaninka. Taka mai biyayya,

Hajaratu Ciɗo
(da dangwalen yatsanta)