Ƙafar Yaya Ya'u

Dutsin-Ma,
4 ga Agusta, 1965.

Zuwa ga 'yar'uwata Saudatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Salisu da Inna Mairo da duk mutanen Kurfi. Yaya damina? Mu nan ruwa ya yi gyara, mun gode Allah.

Bayan haka, Yaya Ya'u ya zo hutun mako uku daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Baba ya riga ya gaya wa abokansa a masallaci cewa ɗansa ne zai riƙa kai alhazan garinmu Makka. Amma ni na ga ya rame, tuwo ma sai ya yi loma uku ya tsame hannu. Kin san ni da nauyin baki, sai da na kwana huɗu kafin na tambaye shi.

Ya ja ni bayan rumbu ya zana mini a ƙasa. Wai akwai sanda tsakanin gwiwoyin matuƙi. In ya jawo ta, hancin jirgi ya ɗaga. In ya tura ta, ya sunkuya. In ya karkata ta dama, fiffiken dama ya yi ƙasa, jirgin ya bi can. Wannan duk ya iya, har malaminsa na yaba masa. A ƙafa matsalar take. Akwai ƙarfe a gicciye inda ake ɗora ƙafafu, an haɗa shi da waya zuwa wani abu a wutsiya mai juyawa kamar ƙyaure. Wanda ya tura ƙafar dama, hancin jirgi dama zai yi.

Kin tuna yadda yake sauko da keke gangaren hanyar garinku ranar kasuwa, hannuwa harɗe a ƙirji, yana juya kan keken da ƙafa, Fulani masu tallar nono suna salati? Shekara shida yana haka. To, a keke in an tura dama, hagu ake yi. A sama yana da lokacin tunani. Amma wajen sauka, in jirgi ya taɓa ƙasa ya ɗan kauce, kafin ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta yi irin na keke. Sau biyu yana sakin hanya ya faɗa ciyawa. Gwaji ɗaya ya rage masa, in ya sake, sallama ce.

Don Allah kada ki gaya wa kowa. Ki sa shi a addu'a.

Taki har kullum,
Barira.

Dutsin-Ma,
23 ga Agusta, 1965.

Zuwa ga Saudatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu takardarki, na kuma gode da ƙuli-ƙulin. Ki yi wa Inna sannu da jiki.

Yaya ya koma jiya. Kullum da hantsi, in Baba ya tafi gona, mukan kife turmi ya zauna, ya riƙe muciya tsakanin gwiwoyi. Ya huda katako a tsakiya ya kafa shi da ƙusa a gabansa, shi ne na ƙafa. Ni kuma in tsaya bayansa ina kiran dama ko hagu. Kakarmu Gogo ba ta san dalili ba, ta ɗauka wasa ne. Tana ta yi masa tsiya, wai mijin nata da ya yi alkawarin kai ta Makka ga shi ko zaure bai fitar da turmi ba, gara ya sauka ta yi daka. Yakan yi dariya ya ce mata jirginsa ba ya ɗaukar marasa haƙori.

Saudatu, in na kira a hankali ba ya kuskure. Amma ya ce in riƙa shammatarsa, in daki kafaɗarsa in yi tsawa. Duk sanda na yi haka, ƙafar da ba ita ba ce take fara motsi, sannan ya gyara. Ya ce wannan ɗan motsin ya isa ya juyar da jirgi. Ran nan ya zauna yana dukan cinyarsa har na ji tsoro.

Ga abin da ke damuna. Kwana ukun ƙarshe na kasa jure ganin fuskarsa. Kafin in yi tsawa sai in ɗan ja numfashi, in kuma tsaya ta gefen da zan kira. Bai lura ba, amma jikinsa ya gane. Bai sake kuskure ba. Ya tashi yana murna, ya ce na warkar da shi. Da farko ya yi niyyar roƙon malaminsa ya ɗaga masa gwajin zuwa wata mai zuwa, yanzu ya ce babu bukata. Na raka shi tasha, na dawo ban gaya masa gaskiya ba.

Ki yi mini addu'a ni ma.

Taki,
Barira.

Dutsin-Ma,
9 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Saudatu,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake kada mai kai wasiƙa ya wuce.

Takarda ta zo daga makarantarsu ranar Litinin. Da Turanci take, ni Baba ya miƙa wa a zaure, gaban Malam Maniru maƙwabcinmu. Na karanta a zuci, na ɗaga kai na ga suna murmushi suna jira. Na fassara yadda take. An yi wa Yaya gwajin bayan kwana biyu da komawarsa. Jirgin ya kauce wajen sauka, fiffike ya daki ƙasa. An sallame shi.

Baba ya ce in sake dubawa, ko an rubuta cewa bai ji ciwo ba. Na ce an rubuta. Ya yi hamdala, ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Tun ranar a masallacin wata unguwa yake salla.

Yaya bai iso gida ba. Wani direba ya ce ya sauke shi a tashar Kurfi kwana biyar da suka wuce, yana zaune kan akwatinsa a rumfar mai shayi. Ki roƙi Kawu ya je ya ɗauko shi, ko ba zai zo nan ba ya samu wurin kwana da abinci.

Ni jibi zan koma makaranta, ba zan gan shi ba sai Disamba. Na fara rubuta masa sau uku na yaga. In ya zo gidanku, ya ci ya huta, ki ba shi takarda ta biyu da na aiko miki ya karanta da kansa. Kada ki ba shi haƙuri a madadina.

'Yar'uwarki,
Barira.