Na Ɗaga Tsoho Daga Ƙasa

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni jikina lafiya lau, amma ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada, shi ya sa na zauna rubuto miki.

Kin san aikina a gidan kula da tsofaffi: wanka, canza zanin gado, ba da abinci a baki. Ranar Litinin da hantsi na tarar da wani tsoho, muna ce masa Direba, kwance a ƙasan banɗaki tsirara yana kuka. Abokiyar aikina, wadda nake kira Mai Turare, ita ta kai shi ta bar shi ta tafi amsa waya. Dokar gidan ita ce idan tsoho ya faɗi kada ka taɓa shi, ka danna ƙararrawa ka jira nas. Na san dokar sarai. Amma Yaya, ɗan da Inna ta haifa zai tsaya yana kallon sa'an kakansa a ƙasa? Kafin in yi tunani na sungume shi na rufa masa tawul. Da aka yi masa hoton ƙashi, aka ga ƙashin ƙugunsa a karye. Yanzu tambayar shugabannin gidan ita ce: faɗuwar ce ta karya shi ko ɗagawata?

Aka ce kowa ya rubuta abin da ya faru. Mai Turare ta cika shafi biyu da Turanci kamar ruwan famfo, ba inda ta ambaci wayar. Ni layi huɗu na iya. Ni da na koya wa kaina karatu da tsofaffin jaridu, ni da ba takardar maganin da ba na karantawa! Babbar nas ta kira ni ta ce in yi bayani, raina ya ɓaci, Turancin ya gudu ya bar ni ina nuni da hannu kamar mai korar kaji. Ta ce in kwantar da hankalina, wai ba ta fahimtata. Ranar Alhamis za su zauna a kaina. In suka sallame ni, takardar izinin zamana a ƙasar nan ta tafi tare da aikin.

Na sha yi miki dariya da malantarki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zan turo miki hoton wasiƙar nan ta waya. Ki mayar min da labarin Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli da harshena ba zai yi tuntuɓe a kansu ba. Ki sa maganar wayar Mai Turare, ki sa cewa na ɗaga shi, kada ki rage komai. A ƙasan takardarsu akwai tambayar me zan yi idan haka ta sake faruwa. Ki rubuta cewa zan bar shi kwance in jira nas. Ke ki rubuta, ni na gwada sau uku hannuna ya ƙi.

Ki gaishe da Inna, kada ki faɗa mata tukuna. Ki gaishe da Kawu, Gwaggo da Auta sarkin rigima. Ku sa ni a addu'a.

Ni ne ƙanenki mai taurin kai.